Shekara Nawa Ya Kamata Ɗan Sandan Da Ya Kashe Rai Ya Yi a Gidan Yari?

Tambaya: Barista, ƙanena ɗan adaidaita sahu ne. 'Yan sanda sun kama shi bisa zargin satar waya, ya kwana uku a bayan kanta, rana ta huɗu aka kira mu mu ɗauki gawarsa, jikinsa duk shatin duka. Yanzu an ce an kori wani saje daga aiki, manya kuma sai zuwa gidanmu suke yi a kan mu yi haƙuri. Na ji a Amurka an ɗaure wani ɗan sanda shekara 22, a Legas kuma an yanke wa wani hukuncin rataya. Shin korar nan ita ce hukuncin? In ba ita ba ce, me doka ta tanada, kuma kai shekara nawa kake ganin ya dace?

Amsa: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan ƙanenka, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashinsa, musamman mahaifiya in tana raye.

Malam, kora ba ita ce hukuncin ba. Idan ƙaramin ɗan sanda ya yi laifi, daga kurtu har zuwa sufeto, rundunar kan yi masa shari'ar cikin gida, inda wani jami'i na sama da shi ke zama alƙali. Abin da wannan zama zai iya yi bai wuce horon aiki ba, irin su gargaɗi, ko rage girma, ko tuɓe kaki. Manyan jami'ai kuwa sai an kai maganarsu gaban Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda tsarin mulki ya ba ikon ɗauka da ƙarin girma da ladabtar da kowane ɗan sanda in ban da Sufeto Janar. Duk wannan magana ce tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, ran ƙanenka bai shigo cikinta ba. Da akawun banki zai kashe mutum, bankin ya sallame shi, ai ba wanda zai ce an yi shari'a. Al'adar rundunar ita ce a fara cire mutum daga aiki sannan a miƙa shi kotu, don kada a ga kaki a cikin akwatin wanda ake tuhuma. Sai dai sau da yawa daga korar maganar ke shiririta. Saboda haka duk wanda ya zo gidanku da zancen an kori saje, ka tambaye shi cikin ladabi: a wace kotu aka gurfanar da shi, wace rana, kuma mece ce lambar ƙarar? In babu amsa, to ba a fara komai ba tukuna.

Babu wata dokar kisan kai da aka keɓe wa 'yan sanda su kaɗai. A Arewa dokar laifuffuka ta Final Kod ce ke aiki tun 1960, ko da yake wasu jihohi irin su Kaduna sun sabunta tasu, lambobin sassan sun canja. A tsohon tsarin, sashe na 221 shi ne kisa da niyya, ko aikata abin da mutum ya san mutuwa ce mafi kusa a sakamakonsa. Hukuncinsa kisa ne, kuma da zarar laifin ya tabbata alƙali ba shi da zaɓi. Sashe na 224 kuwa na kisan da bai kai wannan matsayi ba ne, hukuncinsa ɗaurin rai-da-rai, ko abin da bai kai haka ba, ko tara, ko duka biyu. Dubi faɗin wannan fili: daga tara har zuwa rai-da-rai. A tsakanin sassan biyu akwai na 222, wanda ya lissafa uzurorin da ke sauko da laifi daga na farko zuwa na biyu, kuma ɗaya daga cikinsu na ma'aikacin hukuma ne da ya wuce iyakar ikonsa wajen tabbatar da doka, amma da kyakkyawar niyya, ba tare da ƙiyayya ga wanda ya mutu ba. Nan lauyan ɗan sanda kan nufa kai tsaye. Amma an yi wannan uzuri ne saboda wanda ya bi ɗan fashi da gudu ya yi harbin da ya wuce bukata. Wanda ya rufe ɗaki, ya ɗaure yaro hannu da ƙafa, ya yi ta jibga don ya amsa laifi, ba shi da inda zai raɓa a cikinsa, domin ba yadda mutum zai ce ya zaci halal ne abin da doka ta haramta ƙarara.

Ta kuwa haramta. Ban da sashe na 34 na tsarin mulki da ya hana azabtar da mutum, akwai Dokar Hana Azabtarwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Disambar 2017. Ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga wanda ya gana wa mutum azaba, in kuwa azabar ta kai ga mutuwa, kisan kai ne. Ta ce umarnin na gaba ba hujja ba ne, wanda ya ba da umarnin laifinsa ɗaya da wanda ya aikata, shugaban sashen ma yana da nasa rabon in sakacinsa ne ya ba da dama. Shi ya sa zancen saje ɗaya bai gamsar da ni ba. Mutum ya kwana uku a caji ofis. Wa ya rubuta sunansa a littafi? Wa aka ba binciken? Wa ke kan kanta a dararen nan uku? DPO ba ya leƙa waɗanda ke tsare ne? Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Ke nan, in ba alƙali ne ya ba da izini ba, tun kafin a kai ga maganar duka, tsarewar kanta ta saɓa wa doka.

A rubuce ba mu da ƙarancin doka. A watan Yunin 2020 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto mai ɗauke da mutum 82 da ta ce jami'an SARS, rundunar 'yan sanda ta yaƙi da fashi, sun azabtar, ko sun ci zarafinsu, ko sun kashe, tsakanin Janairun 2017 da Mayun 2020, ta kuma ce ba a gurfanar da ko jami'i ɗaya na wannan runduna ba duk da sabuwar dokar. Wata huɗu bayan nan matasa suka cika tituna da zanga-zangar EndSARS ta neman a rusa rundunar.

Bari in ba ka labarin shari'ar da nake ganin ta fi kowace nuna yadda abin yake a ƙasar nan. A daren 7 ga Yunin 2005, matasa biyar 'yan kasuwar kayan gyaran mota ta Apo a Abuja, tare da wata budurwa, suna komawa gida a mota sai suka iske shingen 'yan sanda a titin Gimbiya, unguwar Garki. Aka buɗe musu wuta. Huɗu suka mutu, biyu suka rage da rai, saurayi ɗaya da budurwar. Waɗannan biyun, da sun rayu su ne shaidu, sai aka kashe su daga baya. 'Yan sanda suka ce 'yan fashi ne, aka ajiye makamai kusa da gawarwakin aka ɗauki hoto, aka je aka binne su. Da 'yan kasuwar Apo ba su tayar da ƙayar baya ba, da a nan labarin ya ƙare. Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai shari'a Olasumbo Goodluck, kwamitin ya gano ba 'yan fashi ba ne, gwamnati ta nemi afuwa ta biya kowane iyali naira miliyan 3.

Sai shari'a ta ɗauki shekara kusan 12. Ranar 9 ga Maris 2017 Mai shari'a Ishaq Bello na Babbar Kotun Abuja ya yanke wa ƙananan 'yan sanda biyu hukuncin kisa a kan mutum biyun da aka kashe daga baya, kuma abin da ya kama su shi ne bayanin da suka yi da bakinsu cewa umarnin DPO suka bi. Shi DPO ɗin ya tsere daga hannun hukuma tun farkon lamarin, bai tsaya gaban kotu ba. Sauran ukun, ciki har da mataimakin kwamishina, kotu ta sallame su saboda shaidar da aka gabatar ba ta isa ba, kuma babban cikinsu ya koma bakin aiki har aka ƙara masa girma. Ba na zargin alƙalin, abin da aka kawo gabansa da shi zai yi hukunci, wanda kotu ta wanke kuma a idon doka ya wanku. Amma ka yi lissafi: rai shida, hukunci a kan biyu, huɗun farko har yau ba wanda aka ɗaure saboda su. Wanda ya ba da umarni ya yi layar zana, masu bin umarni aka bari da igiya a wuya. An bar jaki ana dukan taiki.

Wannan ya sa in an tambaye ni shekara nawa, nakan ce lambar tana da muhimmanci, amma tana zuwa ne bayan wasu tambayoyi biyu: wa aka kai kotun, kuma wa ya yi binciken. Duk da haka ka tambayi ra'ayina a kan lambar, zan faɗa, da sharaɗin ka riƙe cewa ra'ayina ne, ba nassin doka ba.

Tushen ra'ayin shi ne kaki ya kamata ya ƙara nauyin laifi. Mutane da yawa, har da wasu alƙalai, suna ganin akasin haka: ya yi wa ƙasa aiki shekara ashirin, ya rasa aikinsa da fanshonsa, a sassauta masa. Ni kuwa ga abin da nake dubawa. Idan ɗan daba ya tare ka, kana da damar gudu, kana da damar ihu, kana da damar kare kanka, doka tana bayanka. Idan ɗan sanda ya ce tsaya, gudu laifi ne, turjiya laifi ce, mutanen da ke wurin ma ba za su kawo maka ɗauki ba. Doka ce ta ɗaure hannun ƙanenka ta miƙa shi ga wannan mutum amana. Bindigar da ke hannunsa da kuɗin harajinku aka saya. Wanda ya ci irin wannan amana bai kamata a auna shi da mudu ɗaya da mutum biyu da suka yi faɗa a tasha ɗaya ya faɗi ya mutu ba.

Alƙalai a wasu ƙasashe sun yi hukunci a kan wannan tushe. Wanda ka ji labarinsa a Amurka Derek Chauvin ne, da ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti tara a birnin Minneapolis ranar 25 ga Mayun 2020. A ƙa'idar jihar Minnesota, wanda bai taɓa laifi ba shekara 12 da rabi ake sa ran zai samu, masu gabatar da ƙara suka nemi 30, Alƙali Peter Cahill ya ba shi 22 da rabi. Manyan dalilansa na ƙara shekara goman nan su ne cin amanar muƙami da kuma rashin imanin da aka nuna wa mamacin. Sauran 'yan sanda ukun da ke wurin, har da wanda aikinsa kawai tare jama'a ya yi, kowa ya samu ɗauri tsakanin shekara biyu da rabi zuwa kusan biyar. A Ingila, Wayne Couzens ya yi amfani da katin aikinsa da ankwa ya yi kamun ƙarya ga Sarah Everard a Maris 2021, ya yi mata fyaɗe ya kashe ta. Aka yanke masa ɗaurin da ba zai taɓa fitowa ba, hukuncin da ba kasafai ake yanke shi a can ba, kuma alƙalin ya jingina shi ne da yadda ya yi amfani da matsayinsa na ɗan sanda. Ka kuma lura da abu ɗaya a shari'ar Floyd: sanarwar farko da 'yan sandan birnin suka fitar ta nuna kamar rashin lafiya ce ta same shi. Bidiyon da wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauka da wayarta shi ya karya wannan zance, sannan shugaban 'yan sandan birnin da kansa ya hau akwatin shaida a kan yaronsa.

To ga yadda ni zan jera su. Akwai kuskure na gaskiya, wanda ke faruwa cikin ƙiftawar ido a lokacin da ɗan sanda ke bakin aiki na halal. Kim Potter, ita ma a Minnesota, bayan shekara 26 tana aiki ta zaro bindiga a zaton na'urar lantarkin nan ce mai sandarar da mutum, ta harbe Daunte Wright a Afrilun 2021. An ba ta shekara biyu, ta yi wata 16 a tsare. A ganina ya yi kaɗan, shekara uku zuwa bakwai ya fi dacewa da rai guda, amma dai wannan aji ne daban. Sai dai kada a cusa mana zancen nan na "bindiga ce ta tashi da kanta" a cikinsa. Wanda ya ɗana bindiga ya nuna ta ga direba saboda bai ba da na goro ba, bai yi kuskure ba ko da bai yi nufin danna kunamar ba, tun da ƙwace ya fito yi. Irin wannan, da mai harbin motar da ta wuce shinge, da mai harbi cikin taron jama'a, ni ba zan ba su ƙasa da shekara 15 zuwa 25 ba. Shari'ar Kolade Johnson, matashin da aka harbe a Legas ranar 31 ga Maris 2019 kusa da gidan kallon ƙwallo, ta zo daidai da tunanina: a Disambar 2022 kotu ta yanke wa sufeton da ya harbe shi rai-da-rai, da sharaɗin sai ya yi aƙalla shekara 25.

Azabtarwa har mutuwa a bayan kanta, irin abin da kake zargin an yi wa ƙanenka, ta fi wannan muni, domin babu gaggawa a cikinta, babu tsoro, babu duhun hanya. Akwai lokacin tsayawa bayan mari na farko, da na goma, da kwana na farko, da na biyu. In doka ta ba azabar da mutum ya rayu bayanta har shekara 25, to wadda ta kashe ba ta da dalilin yin ƙasa da haka, daga 25 ne zuwa ƙarshen rai. Sama da kowa kuma sai wanda ya fitar da tsararre da dare ya harbe shi don ya rufe bakinsa, kamar yadda aka yi wa biyun Apo. Wannan ya cancanci mafi girman hukuncin da doka ta sani.

Akwai laifin da kotunanmu ba su cika kulawa da shi ba, ni kuwa ina ganin shi ne uwar sauran: ɓoye gaskiya bayan an yi ɓarna. Wanda ya canja abin da ke littafin ofis, wanda ya rubuta cewa ciwon ciki ne ya kama shi, wanda ya ɗora bindiga kusa da gawa, wanda ya tsorata sauran 'yan bayan kanta. Waɗannan sai sun samu nasu ɗaurin daban, shekara biyar zuwa goma, a ɗora shi a kan duk wani ɗaurin da aka yi musu, ba a haɗe su ba. Mai duka ba zai yi duka da ƙarfin zuciya ba in bai san akwai mai gyara masa takarda ba. Kenya ta gwada irin wannan rabo. Lauya Willie Kimani da wanda yake karewa da direban tasinsu, 'yan sanda ne suka ɗauke su a Yunin 2016 bayan sun fito daga kotu, aka tsinci gawarwakinsu a kogi. A Fabrairun 2023 kotu ta ba jagoran 'yan sandan hukuncin kisa, na biyu shekara 30, ta uku shekara 24, ɗan rahoton da ya taimaka musu shekara 20. Kowa da gwargwadon hannunsa a ciki.

Game da rataya, ina da ja. Wanda ka ji a Legas Drambi Vandi ne, jami'in da ya harbe lauya Bolanle Raheem ranar Kirsimetin 2022 a Ajah tana ɗauke da juna biyu, aka yanke masa hukunci ranar 9 ga Oktoba 2023. Wata tara da 'yan kwanaki ke nan, wanda ya nuna kotunanmu na iya sauri in ido ya yi yawa a kansu. Amma hukuncin kisa a Najeriya ya zama kusan suna kawai. Gwamnoni ba sa sa hannu, mutum fiye da 3,000 ne ke zaune suna jira, kuma dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba Alƙalin Alƙalai damar mayar da hukuncin zuwa rai-da-rai in an gama ɗaukaka ƙara aka shekara goma ba a zartar ba. Sannan ga illar da na gani da idona lokacin da nake gabatar da ƙara: ɗan sandan da zai iya faɗin gaskiya in ya san ɗauri za a yi wa abokin aikinsa, yakan haɗiye ta in ya san igiya ce. Alƙali ma, in ba shi da tsaka-tsaki, ko rataya ko sallama, ƙaramin kokwanto ya ishe shi ya sallama. Ɗaurin shekara 25 da za a yi shi da gaske ya fi mini rataya ta kan takarda.

Kada a ce ban ga ɗaya gefen ba. Na san barikin da ruwa ke zuba a ɗaki, na san kurtun da ke sayen kaki da takalmi da kuɗinsa, na san ofishin da sai mai ƙara ya sayi mai kafin mota ta fita, na kuma yi ta'aziyyar 'yan sandan da 'yan bindiga suka yi wa kwanton ɓauna. Wanda ya harbi ɗan fashin da ya nuno shi da bindiga ba shi da laifi, sashe na 33 na tsarin mulki ya kare shi, kuma ya kamata ya kare shi. Ita ma ƙa'idar rundunar mai lamba 237 a kan amfani da bindiga, wadda aka sabunta a 2019, ta bar ƙofar harbi a buɗe in rai na cikin haɗari. Talauci na iya bayyana dalilin karɓar ɗari biyu a kan titi, ko da yake bai halatta ta ba. Amma ban ga yadda ƙarancin albashi zai bayyana karya haƙarƙarin yaron da ke ɗaure ba. Kuma mu 'yan Arewa mun fi kowa sanin tsadar kisa a hannun hukuma. An kashe Mohammed Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda a Maiduguri ranar 30 ga Yulin 2009, bayan sojoji sun miƙa shi da ransa. Da an kai shi kotu, da ƙila mun ji sunayen masu ɗaure masa gindi. An gurfanar da jami'ai biyar, kotu ta sallame su a 2015. Abin da ya biyo bayan wannan kisa kuwa ba sai na faɗa maka ba.

Yanzu ga inda irin ƙararku kan mutu. Na farko, 'yan sanda ne ke binciken 'yan sanda. Kenya na da hukuma mai zaman kanta tun dokar 2011, Afirka ta Kudu ma na da tata, kuma aikinsu ne su binciki mutuwa a hannun 'yan sanda. Mu a nan fayil ɗin daga teburin abokan aikin wanda ake zargi yake fitowa kafin ya isa Ma'aikatar Shari'a, kuma abin da ba a sa a ciki ba, mai gabatar da ƙara ba zai ƙirƙiro shi ba. Na biyu ya shafe mu Musulmi musamman: muna gaggauta jana'iza, kuma zuciyarmu ba ta son a taɓa gawa. Na fahimci haka sarai. Amma in babu rahoton likita a kan musabbabin mutuwa, lauyan wanda ake tuhuma zai miƙe ya ce dama yaron na da ciwo, kuma duk kokwanto wanda ake tuhuma yake amfana. In an riga an binne, to hotunan jikin, da masu wanka, da takardar asibitin da aka ajiye shi, su ne abin da ya rage, kada a yi wasa da su.

Na uku shi ne manyan da ke zuwa gidanku. Ba na zarginsu da mugun nufi, da yawansu zaman lafiya suke nema. Amma a ƙarƙashin Final Kod kisan kai ba laifi ne da iyali ke janyewa ba, ƙarar ta gwamnati ce. Abin da "mun bar wa Allah" ke yi a zahiri shi ne shaidu su daina zuwa, lauyan gwamnati ya gaji, alƙali ya kori ƙarar. Yafiya tsakaninku da Allah haƙƙinku ce, ba mai hana ku. Sai dai ko a fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, mai kisan ganganci in magada sun yafe masa, hukuma na yi masa bulala ɗari da ɗaurin shekara guda, kisan gilla kuwa, wato na yaudara, magada ba su da ikon yafe shi. Na bar wa malamai su faɗi ajin da wannan ya faɗa, amma dai addini bai ce haƙuri na nufin a bar mai kaki ya koma wani gari ya ci gaba ba. Karɓar diyya ma ba abin kunya ba ne. Lokacin da Khalid bin Walid ya kashe mutanen Banu Jazima ba bisa ƙa'ida ba, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ɗaga hannu ya barranta daga abin da Khalid ya yi, malaman tarihi kuma sun kawo cewa ya aiki Sayyidina Ali ya biya diyyarsu. Wato hukuma na ɗaukar nauyin ɓarnar wanda ta aika.

Diyyar a tsarinmu hanyarta daban da ta ɗauri, kuma ana iya bin su biyun lokaci guda. Lauya zai shigar da ƙarar take haƙƙi a Babbar Kotu a kan sajen, da DPO, da Kwamishina, da Sufeto Janar. Ƙa'idojin shigar da ƙarar take haƙƙi na 2009 sun ce irin wannan ƙara ba ta da wa'adin ƙarewa, kotuna kuma sun amince iyalin mamaci su shigar da ita. Samun hukunci ya fi karɓar kuɗin sauƙi, domin akwai tsohuwar dokar da ta ce sai Antoni Janar ya yarda kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, kuma iyalai da yawa a nan suka maƙale shekara da shekaru. Na faɗa maka ne don kada wani ya yi maka alkawarin miliyoyi cikin wata uku.

A makon nan, ka samu lauya ya rubuta koke zuwa ga Antoni Janar na jiharku, domin shi tsarin mulki ya ba ikon karɓe kowace ƙarar laifi daga hannun 'yan sanda. A nemi a ɗauke binciken daga ofishin da abin ya faru, a kuma buɗe binciken musabbabin mutuwa a gaban majistare. A aika kwafi ga Kwamishinan 'Yan Sanda, da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, kowanne a buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin. In ba ku da halin biyan lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, akwai kuma reshen ƙungiyar lauyoyi na garinku. Kada ku sa hannu a kan wata takarda, ko da an ce ta karɓar kuɗin ta'aziyya ce, sai lauya ya karanta ta. Hotunan da ke wayarka ka tura su wayoyi biyu ko uku. Mafi gaggawa kuma, ka nemo waɗanda suka kwana tare da shi a bayan kanta, a rubuta abin da suka gani da wanda suka ji su sa hannu, tun kafin a ba da belinsu su watse ko wani ya riga ka zuwa wurinsu.